Mota a Inuwa, Alluna a Rana

Ni direba ne, kuma idan ana maganar inuwa a garin Makka ban ga wanda zan sara wa ba. Shekara ashirin da ɗoriya ina jan ƙaramar bas tsakanin unguwar Aziziyya da Harami. Na san wace katanga ce ke ba da inuwa da hantsi, wane bene ne ke rufe titi bayan azahar, ƙarƙashin wace gada ake samun wuri idan mutum ya yi sammako. Mu mutanen garin nan haka muka tashi. Mutum zai zaga unguwa sau uku, ya ƙona mai, ya makara wurin aiki, don kawai kada ya bar motarsa a rana. Wanda ya ajiye mota a fili kuwa, ko dai baƙo ne, ko akwai abin da ke damunsa. Na faɗi wannan tun farko ne don a san irin mutumin da Yayana ya bar wa amanar karafan ɗinsa.

Karafan ita ce motar nan mai ɗaki a ciki, da gado da ɗan madafi da makewayi. Yaya ya sayo tsohuwa a hannun wani mutumin Jidda, fentinta ya koɗe, a samanta akwai allunan sola guda biyu da rana ta gama cinye su. Ranar da ya kawo ta unguwarmu Tandabawi ta ƙi shiga lungunmu, sai a bakin titi ya tsaya. Maƙwabta suka fito kallo. Ni na fi kowa dariya. Na ce masa in dai gudun haya yake yi, ai da ya faɗa mini na nemo masa ɗaki mai tsayawa wuri ɗaya. Sai ya zaro fensir daga bayan kunnensa ya rubuta wani abu a jikin kwalin da ke hannunsa.

Haka yake. Ya girme ni da shekara biyar, mai gyaran lantarki ne, yawancin aikinsa a tantunan Mina yake, wajen na'urorin sanyaya iska. Maganar da zan yi a wuni ɗaya shi sai ta kai shi wata. Tun muna yara abin yana ba ni haushi, don ba yadda za ka yi faɗa da mutumin da ba ya ramawa. Sai da na girma na lura cewa duk abin da ya taɓa a gidanmu ba a sake kiran kowa a kansa.

Saboda Inna ya sayi motar, amma sai da aka yi mako biyu kafin ya faɗa.

Inna, mahaifiyarmu, ba a Makka aka haife ta ba. Tana da shekara bakwai ko takwas, ita ma ba ta tabbatar ba, iyayenta suka tsallako da ita daga Sudan a jirgin ruwa na katako, bayan sun yi shekaru suna noman auduga suna matsowa gabas. Jirgin bai kai su Jidda ba. Can kudu ya zube su, wajen garin Lis, aka ce su kama hanya da ƙafa. Mahaifiyarta ta sauko da zazzaɓi, kwana biyu da barin bakin teku ta rasu a gindin wata kurna kusa da rijiya.

Inna ba ta cika ba da labarin ba. In ta bayar, kurnar take ambata, da rijiyar, da wani dutse mai tsagaggen kai da ke gabas da su. Sai kuma abin da ya tsaya mata a rai. Ana gama rufe kabarin aka ce a tashi, don ruwan rijiyar bai ishi ayarin ba, ba za a jira kowa ba. Ita kuwa tana tsugune tana tsintar 'ya'yan kurna, ba ta ma san an gama ba. Mahaifinta ya suri ta ya ɗora a kafaɗa. Ba ta yi wa uwarta addu'a a wurin ba, ba ta ko tsaya ta kalli inda aka sa ta ba.

Babanmu ya yi ta cewa zai kai ta wurin kabarin, har Allah ya karɓi ransa. Mu ma muka gaji maganar. Kullum sai bayan hajji, in hajji ya wuce sai in zafi ya sauka, in zafi ya sauka sai azumi ya matso. Ana haka huhunta ya gaza. Aka kawo mata injin iskar numfashi, aka ajiye a gefen gadonta, da siririyar roba a hancinta dare da rana. Injin nan da wutar gida yake aiki. Akwai tulun iska da ake ajiyewa don ko-ta-kwana, amma 'yan sa'o'i yake yi ya ƙare. Daga nan duniyar Inna ta koma iyakar tsawon robar. Wata rana ina matsa mata ƙafa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Da na sani na tafi tun ina da ƙafa.” Na ji kunya ƙwarai, na kuma yi abin da na saba, na canza magana. Yaya yana bakin ƙofa yana gyara fanka, ashe ya ji.

Wurin da za a nema ba wanda ya san shi. Ba tafiyar wuni ɗaya ba ce, sai an kwana ana bin rijiyoyi a jejin da babu lantarki. Na ce a ɗauki janareta. Yaya ya ce ba zai ajiye hayaƙi kusa da mai ciwon huhu ba. Abin da yake so shi ne motar ta riƙa samar da wutarta daga rana, wadda za ta riƙe injin Inna da na'urar sanyaya ɗaki, ta kuma tara ta dare. Allunan da ke kanta kuwa da ƙyar suke kunna ƙwai biyu.

Ƙanwarmu ce ta tsaya a hanya. Ma'aikaciyar jinya ce, ita ke kula da Inna, kuma ita ce autarmu, don haka Larabci ya fi zama a bakinta. Hausarta ba ta fitowa sosai sai ranta ya ɓaci. Ranar da aka gaya mata, Hausa tsantsa ta yi.

“Yaya, kashe ta za ku yi? In injin ya tsaya a daji, wa za ku kira?”

“Ba zai tsaya ba,” in ji shi.

“Da baki?”

“A'a. Za ki gani da idonki. Kwana uku motar za ta riƙe inji ba tare da an jona ta da wutar gida ba. In ta kasa, shi ke nan, an bar maganar.”

Ta ce ta yarda, da irin muryar wanda ya tabbata za a kasa.

A wani fili da ke bayan garejin abokinsa, a gefen Aziziyya kusa da wata gada, ya yi aikin. Daga sallar asuba zuwa hantsi kawai yake hawa, don bayan nan rufin motar ba ya taɓuwa. Ni nake miƙa masa kaya ina surutu. Ya kwance tsofaffin allunan, ya kankare tsohon gam da wuƙa har sai da ƙarfe ya fito fes, ya toshe kowane ramin ƙusa. Na ce ruwan sama nawa ake yi a garin nan da za ka ɓata safiya guda kan ramuka. Ya ce ai in ya zo ba ya sallama.

Sababbin alluna shida ya ɗora. Bai manna su da rufin ba, sai da ya ƙera musu ƙafafu, ya ɗaga su kamar faɗin tafin hannu. Na tambayi dalili. Ya ce don iska ta riƙa bi ta ƙarƙashi, saboda in allo ya yi zafi da yawa ƙarfinsa raguwa yake yi. Wannan magana ta ba ni mamaki, na kuma riƙe ta, abin da ya zame mini bala'i daga baya.

Wayoyin da ya sa kaurinsu ya kai ɗan yatsa. Duk bakin wayar da ya matse sai ya ja shi sau uku da ƙarfinsa, in ya motsa ko kaɗan ya yanke ya sake. Ya fitar da tsofaffin batura masu nauyin tsiya, ya sa sababbi a ƙarƙashin kujera, ya huda musu tagar iska da 'yar fanka. Kowace waya ya ɗaura mata takarda ya rubuta inda ta fito da inda za ta. Na ce wa zai karanta, tunda kai ka haɗa? Ya ce, “Wanda zai gyara in ba na nan.” Ina kallon hannayensa a lokacin, duk tabon ƙuna, suna aiki a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. Ban gaya masa ba, amma na yi alfahari da shi har cikin raina.

Ranar da za a fara gwaji aka kira shi Mina. Hajji bai daɗe da wucewa ba, ana kwance na'urori ana adanawa, aikin kwana uku. Ya ce ba komai, gwajin ba ya bukatarsa. Ya aro wani injin irin na Inna ya kunna a cikin motar, ya ajiye ta a tsakiyar fili inda ko sandar fitila ba ta yi mata inuwa, ya miƙo mini mabuɗi.

“Ka riƙa leƙawa kawai. Rana ta uku ku kawo Inna ta wuni a ciki, zan same ku da la'asar.”

Rana ta farko na zo wajen sha ɗaya. Motar tana tsaye ita kaɗai a fili, rana na dukanta, iska na rawa a saman rufin. Taku ashirin daga nan ga ƙarƙashin gada, wuri guda babu kowa, inuwa mai kauri irin wadda direbobi ke faɗa a kanta. Wallahi jikina ne ya fara ƙaiƙayi. Mai garejin ya fito yana goge hannu ya ce, “Ya shehu, haram, tayoyin nan za su fashe.” Wani mai wankin mota ya ce fentin ma ya gama yawo.

Kada a ɗauka ban san sola da rana take aiki ba. Na sani. Amma na zauna na yi nawa lissafin. Ranar Makka ba irin ta ko'ina ba ce, ta safe kaɗai ta ishi gari. Kuma ba Yaya da bakinsa ya ce zafi na rage wa alluna ƙarfi ba? To in na ɓoye su daga sha ɗaya zuwa uku, lokacin da rana ta fi mugunta, ai taimakonsa na yi. Na tada mota na shigar da ita ƙarƙashin gada, na gyara tsayuwarta tsaf, ko madubi bai leƙo rana ba. Ƙarfe uku na mayar da ita inda take. Washegari ma haka. Har ina jin daɗin kaina, ina cewa masu ilimi ma wani lokacin sai an tuna musu.

Rana ta uku muka ɗauko Inna, ni da ƙanwarmu. Shekara biyu rabonta da fita in ba asibiti ba. Ta sa mayafinta mai ruwan toka da ba ta sawa sai da Idi. Da muka iso filin ƙanwarmu ta dubi motar a rana ta ce, “A nan za a sa ta? Shigar da ita inuwa mana.” Ban ko yi gardama ba. Tun ƙarfe tara motar ke ƙarƙashin gada, ga injin Inna, ga na'urar sanyi a kunne.

Inna ta ji daɗin wunin nan. Ta shafa labule, ta buɗe 'yan akwatunan madafi, ta ce a dafa mata shayi don ta ga ko da gaske wuta na kamawa. Ta fara lissafa abin da za a tafi da shi, har da dabino na sadaka. Ban taɓa jin ta ambaci sunan mahaifiyarta sau biyu a rana ɗaya ba sai ran nan.

Ana kiran la'asar wani abu ya fara ƙara a ƙarƙashin kujera. Na'urar sanyi ta tsaya. Sannan injin Inna, wanda kunnenmu ya saba da gurnaninsa har ba ma jinsa, ya yi shiru. Inna ta dube ni, ta buɗe baki tana jan iska, kafaɗunta na ɗagawa. Ƙanwarmu ta yi tsalle ta janyo tulun ko-ta-kwana, ta sauya robar cikin ƙiftawar ido. Ni kuwa ina tsaye riƙe da kofin shayi, ban tsinana komai ba.

A haka Yaya ya same mu, da ƙurar Mina a gashinsa. Ƙanwarmu ba ta bari ya gama sallama ba.

“Ka gani? A cikin gari ke nan, asibiti na bayanmu. Maganar ta mutu, Yaya. Kada wanda ya sake tada ta.”

Yaya ya dubi motar, ya ɗaga kai ya dubi gadar. Inna ce ta yi magana da numfashinta ya dawo. Ta ce, “Ku bar shi, ya yi ƙoƙari. Allah bai nufa ba.” Ta cire mayafin Idin ta ninke a cinyarta. Muka kama hanyar gida.

Washegari da safe ya kira ni filin. Yana zaune a bakin ƙofar motar da wayarsa. Ashe na'urar cajin tana rubuta duk wutar da ta shigo, sa'a bayan sa'a. Ya nuna mini zanen. Layi ya taso da safe yana hawa, dab da sha ɗaya sai ya faɗo ƙasa ya kwanta, sai ƙarfe uku ya ɗan ɗago. Kwana biyu iri ɗaya. Rana ta uku kuwa tun tara ya kwanta bai tashi ba.

“Ƙarfe nawa kake shigar da ita?” ya tambaya.

Na so in ce wa ya ce na shigar da ita. Na dubi fuskarsa na fasa.

“Sha ɗaya. Ai kai ka ce zafi na rage musu ƙarfi.”

“Na faɗa.” Ya juya fensirinsa. “Zafi yana rage kaɗan. Inuwa tana ɗauke duka.”

Na jira ya zage ni. Da ya yi, da na samu sauƙi, don da na rama, mu rabu kowa da fushinsa. Sai ya ce, “Laifina ne. Na yi lissafin rana, na yi lissafin batir, ban yi lissafinka ba. Kuma ba kai kaɗai ba. Jiya da na hango ta a ƙarƙashin gada, abin da ya fara zo mini shi ne, madalla, Inna na inuwa. Duk wanda zai ja motar nan a gidanmu inuwa zai nema. Na haɗa wa mutanen wani gari mota.”

Ya zaro sabon kwali ya fara zane. Ni na juya baya ina duban tayoyi, don idona ya cika.

Mako uku ya ƙara. Da farko allunan shida a jere ya haɗa su kamar carbi a zare ɗaya, in inuwa ta taɓa ɗaya sai ta ja sauran ƙasa. Ya raba su gida biyu, kowane da na'urar cajinsa. Sannan ya kawo wasu huɗu da ba za su hau rufi ba sam. Ya haɗa su bibbiyu da hinji suna ninkewa kamar ƙofar shago, ya yi musu ƙafafun jingina, ya naɗo waya mai kauri a kan gare, tsawonta taku arba'in. Mota ta shiga inuwarta, alluna su fita rana. A gefen kowane ya kafa ƙusa a tsaye. Ya ce in ƙusar ba ta da inuwa, allon na kallon rana sosai, in inuwarta ta yi tsawo a juya shi. A gaban kujerar direba kuma, daidai inda idona ke sauka, ya dasa wani agogo mai manyan lambobi da ke nuna abin da ya rage a batir. Bai ce don ni ya sa ba, ni ma ban tambaya ba.

Saura ƙanwarmu. Yaya bai gaya wa kowa abin da na yi ba, ya bar su suna ganin aikinsa ne ya gaza. Na kwana biyu ina jin daɗin wannan rufin asiri, a na uku na kasa cin abinci. Na je ɗakin Inna, ƙanwarmu na auna mata jini, na faɗi komai. Ƙanwarmu ta wanke ni da Hausar da ban san ta iya ba. Inna kuwa dariya ta kama ta har sai da ta yi tari.

“Wannan ai tun yana yaro, in an aike shi sai ya bi gindin katanga, ko da hanyar ta ninka,” in ji ta.

Yaya ya miƙa wa ƙanwarmu mabuɗi. Ya ce ta sake gwajin da kanta, ta ajiye motar inda ta ga dama, ta kunna abin da ta ga dama. Ta sa na kai motar can ƙuryar gadar. Ta ce ba kwana uku ba, biyar. Kullum in ta tashi daga aiki sai ta biya, ta kunna butar lantarki, ta kunna na'urar sanyi, ta tsaya tana harare-hararen agogon nan. Ni ke fitar da alluna da safe in juya su da azahar. Rana ta biyar ta daɗe a tsaye, sannan ta ce, “Tayyib, na yarda. Amma da tulu uku za a tafi, kuma in na ce a juya, a juya.”

Sai da sanyi ya shigo muka tafi, mu huɗu. Ni ke tuƙi, Yaya a gefena, Inna a gado an tokare ta da matasai yadda za ta ga waje, ƙanwarmu kusa da ita. Bayan mun bar kwalta muka shiga tambayar makiyaya. Rijiyoyi sun fi yadda na zata yawa, kurna kuwa ko'ina. Duk inda muka tsaya Inna ta leƙa ta girgiza kai. Wani wurin akwai dutse babu rijiya, wani akwai rijiya an kewaye ta da siminti da famfo. Kwana biyu muna wannan. Injin bai yi ko tari ba, amma na ga Inna ta fara gajiya, ƙanwarmu kuma ta fara duban Yaya.

A rana ta uku da hantsi muka haɗu da wani dattijo mai awaki. Da Yaya ya kwatanta masa dutse mai tsagaggen kai, sai ya nuna da sandarsa. Ya ce akwai tsohuwar rijiya a can da ta ƙafe tun yana saurayi, kuma iyayensa sun ce masu zuwa hajji da ƙafa suna sauka a wurin.

Dutsen muka fara hangowa. Inna ta kama hannun ƙanwarmu. Rijiyar ta zama rami da duwatsu a bakinsa. Kurnar na nan, ta tsufa, rabinta ya bushe, rabin kuma ya baje da inuwa. Can gaba da ita akwai 'yan duwatsu a jejjere a ƙasa, wuri biyar ko shida, ba rubutu, ba wata alama.

Na taka birki nesa da bishiyar, a tsakiyar rana, na dubi Yaya.

“Ina zan tsaya?”

“Yau kuma ni za ka tambaya? Shiga inuwa.”

Na shigar da motar ta ɓangaren da babu duwatsun, a hankali, rassan na shafar rufi. A duk shekarun da na yi ina tuƙi ban taɓa gyara tsayuwar mota da kulawa irin ta ran nan ba. Yaya ya sauke allunansa ya ja waya zuwa fili. Muka sauko da Inna a kujera, robar hancinta ta biyo ta ta taga, muka zaunar da ita a gindin kurnar tana fuskantar duwatsun.

Ƙanwarmu ta tambaye ta a hankali, “Inna, wanne ne?”

“Ban sani ba,” in ji ta. “Ai ban duba ba.”

Ta ɗaga hannu ta fara addu'a, ta haɗa su duka. Muka yi tare da ita. Da aka shafa ƙanwarmu ta ce sa'a ɗaya za a yi a koma. Inna ta ce to. Sa'a ɗaya ta wuce ba ta motsa ba. Wani lokacin tana jan carbi, wani lokacin tana magana ƙasa-ƙasa, na ji tana lissafa sunayenmu da na 'ya'yanmu, tana faɗin wanda ya yi aure da wanda ya rasu. Ta sa na tsinto mata 'ya'yan kurna, ta riƙe a hannu ba ta ci ba. Muka yi azahar a wurin. Ƙanwarmu ta leƙa agogon batir, ta dawo ta zauna, ba ta sake maganar sa'a ba.

Duk wannan lokacin Yaya yana fili. Allunan rufi suna inuwa, don haka huɗun nan na ƙasa su ke riƙe da numfashin Inna, shi kuwa ya ƙi yarda wutarsu ta ragu ko kaɗan. Yana tsugune kusa da su da rawani a ka, in inuwar ƙusa ta ɗan fito ya tashi ya juya, in iska ta watso ƙura ya goge da hannun rigarsa. Na kai masa ruwa na ce ya je ya zauna kusa da Inna, zan karɓe shi. Ya dube ni, ya dubi ranar.

“Za ka iya?”

“Je ka kawai,” na ce.

Na tsaya a wurin daga bayan azahar har rana ta yi ja, ina bin inuwar ƙusa. Daga inda nake ina jin gurnanin injin ta tagar mota, ina hango su ukun a gindin bishiya, Yaya zaune a ƙasa kusa da ƙafar Inna, hannunta a kansa.

Ba wanda ya ce mata lokaci ya yi. Sai da rana ta kusa taɓa ƙasa ta ɗaure 'ya'yan kurnar a bakin mayafinta, ta sake duban duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta gyara robar hancinta ta ce, “To, na gama. Mu tafi.”